Minti Biyu da Sakan Arba'in

Tokiko na tsaka da dunƙula shinkafa, hannunta jiƙe da ruwan gishiri, sai wani ya tare mata hasken ƙofar shago. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"Ba mu buɗe ba tukuna. Sai ƙarfe goma."

"Negi-chan," in ji mutumin.

Mutum shida ne kacal suka taɓa kiran ta da wannan suna, biyu daga cikinsu kuma sun rasu. Ta ɗago. Onodera ne, tsohon shugabansu, ya ƙara tumbi ya rage gashi, ya ɗora wata hula irin ta masu zane a kan sanƙonsa. A hannunsa akwai kwalin alewa naɗe da takarda mai kyau, irin wanda ba a kawo wa mutum haka kawai.

"Shugaba," ta ce. "Ashe kana nan da ranka."

"Haba. Shekara ashirin ba mu haɗu ba, tarbar ke nan?"

"Ashirin da biyu. Da ma can lissafi ba naka ba ne. Ajiye alewar a can, kada ta sha gishiri."

Daga ciki, inda yake gasa kifi, mijinta Noboru ya leƙo. "Wa ke nan?"

"Mutumin da ya ce yaƙi ba ya jiran kowa."

"Au, shi ne? Ba shi kujera, na ga alama yau shi zai yi jira."

Onodera ya yi dariyar yaƙe, ya zauna a bakin kujerar, ya ɗora hular a gwiwa.

Shekara talatin da biyar ke nan da su bakwai suka ƙirƙiro wasan Tsibirin Ƙararrawa, a wani ɗaki da ke saman shagon wanki da guga a unguwar Koenji, inda tururi ke bi ta dabe ya dafa wa mutum ƙafa. Wasa ne irin na zamanin: jarumai huɗu, ƙauyuka, koguna, dodanni, a cusa kaset a na'ura a jona da talabijin. A sauran wasanni dodo mai ladabi ne, yana tsaye yana jira ka gama tunani, ka zaɓi sara ko sihiri ko gudu, sannan ya rama. Onodera ya ce shi nasa dodon ba zai yi wannan kunyar ba. Ka tsaya sosa kai, ya maka maka kulki. Ya hana a saka madannin dakatarwa, har ya rubuta da manyan baƙaƙe ya liƙa a bango cewa yaƙi ba ya jiran kowa.

Shi dai ya faɗa da baki ya tafi cin abincin rana. Wadda ta zauna ta mai da maganar lambobi ita ce Tokiko. Ƙarfin kowane takobi, saurin kowane dodo, yawan ran da kowane sara zai rage, duk da fensir ta fara rubuta su a takarda mai gida-gida, sannan ta shigar, sannan ta zauna ta yi ta yaƙi don ta ga ko sun daidaita. Sai dai ita kaɗai ce mace a ofishin, saboda haka shayi ma nata ne. Baƙo ya shigo, Onodera ya ce, "Negi-chan, shayi." Ta tashi. Kafin ta dawo dodo ya karkashe mata jarumai, aikin awa guda ya bi ruwa. Wata rana sai da aka yi mata haka sau biyar. Ta shiga bayi ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta fito ta kwance agogon hannunta ta fara awo. Daga kujerarta zuwa wurin filas, a zuba ruwa a buta, a bar ganye ya jiƙa minti guda, a zuzzuba a kofuna kaɗan-kaɗan ana zagayawa don kada na wani ya fi na wani kauri, a fara ba baƙo, a rusuna, a dawo. Sau goma ta auna, ya ba ta minti biyu da sakan arba'in.

Sai ta ƙara umarni na biyar a ƙasan sara da sihiri da kare kai da gudu, ta sa masa suna Jira. In ka danna shi jarumai su zauna a ƙasa, dodo ya sandare, ba mai motsi sai lokacin ya cika. Sau ɗaya tak ake yin sa a kowane yaƙi, don kada Shugaba ya ce dakatarwa ce ta shigo ta taga. Daga baya ta lura da wani abu. Dodon ƙarshe, Sarkin Tsatsa, duk saran da aka yi masa fushinsa ƙaruwa yake, har ya yi jawur ya gama da kowa da bugu ɗaya. Amma in aka danna Jira daidai lokacin da ya yi ja, sai fushin ya goge gaba ɗaya, a tashi a same shi sanyi ƙalau. Kuskure ne, amma kuskure mai daɗi, ta bar shi. Onodera bai gano an saka Jira ba sai da ya rage kwana uku a kai wasan masana'anta. Ya yi ta faɗa kamar zai tsaga ɗakin. Da mujallu suka fara yabon abin kuma sai faɗan ya koma falsafa, ya shekara talatin da biyar yana gaya wa 'yan jarida cewa shirun da ke tsakanin sara biyu ya fi saran kansa.

A ƙarshen wasan, inda sunaye ke hawa, ba a rubuta sunan kowa na gaskiya ba sai na shugaba. Haka ake yi a lokacin, don kada wani kamfani ya gane gwaninka ya ɗauke maka shi. A ƙarƙashin tsarin yaƙi aka rubuta Negi, wato albasa mai lawashi, saboda a lokacin doguwa ce siririya, "chan" ɗin da ake ƙara mata kuma irin kiran da ake yi wa yara ne.

"To, me ya kawo ka?" in ji Tokiko, ta ci gaba da aikinta.

"Masu son wasan za su yi taro yau a Nakano, ƙarfe biyu. Cikar shekara talatin da biyar. Mutum ɗari biyu, Negi-chan. Jagoransu wani likitan haƙori ne, Mizoguchi, mutumin da ya haddace ƙarfin kowane dodo har da ɓeran da ke kogon farko. Ya turo mini tambaya goma sha biyu. Sha ɗaya na amsa."

"Ta sha biyun fa?"

"Wai me ya sa minti biyu da sakan arba'in. Ba uku ba, ba biyu da rabi ba." Ya zaro hankici ya goge wuya. "Na rubuta masa maganar shirun nan. Ya amsa cikin ladabi cewa ya gode ƙwarai, amma shiru ba shi da sakan arba'in. Yau kuma zai yi yaƙin ƙarshe a gaban kowa, yana danna Jira zai sake yi mini tambayar."

Noboru ya tuntsire da dariya daga ciki har sai da ya yi tari.

"In na gaya maka, me za ka ce musu?" in ji ta.

"Zan ce mun zauna mun yi shawara, muka ga ya dace…"

"Mu."

"To ai aikin haɗin gwiwa ne."

"Shugaba, kai ko Sarkin Tsatsa ba ka taɓa kayarwa ba. Sau uku ka gwada, ka ce madannin ne ya lalace."

"Ya lalace ɗin ne."

"Ni na karɓa daga hannunka na kayar da shi da wannan madannin."

Onodera ya duƙar da kai ya ƙura wa hularsa ido. Ya tsufa, ta gani, kuma da gaske tsoro yake ji. Abin ya ɗan sosa mata rai, sai kuma ta ji haushin kanta da ya sosa.

"Zan zo," ta ce. "Ka ajiye mini kujera a gaba. Idan aka danna Jira za ka samu amsarka."

"Ba za ki gaya mini yanzu ba?"

"Ina da shinkafa."

Ya tashi ya rusuna ya fi sau uku, ya fita da baya, ya kusa ture tukunyar furen da ke bakin ƙofa.

Noboru ya fito yana goge hannu a jikin riga. Ya buɗe kwalin alewar ba tare da ya tambaya ba, ya jefa ɗaya a baki.

"Kina son su san ke ce," ya ce.

"Ina so."

Ba ta ga abin ɓoyewa ba. Bara 'yarsu ta nuna mata a waya inda masu son wasan ke ta gardama a kan wane ne Negi. Wasu sun ce wani gwanin lissafi ne da ya koma Amurka yana ƙera roka. Wasu sun ce ya mutu tuntuni. Wasu kuma sun ce ai Onodera ne da kansa, tawali'u ne ya sa ya ɓoye a bayan wani suna. A gaban 'yar ta yi dariya, amma ranar abinci bai shiga ba. Ba hotonta take so a mujalla ba. Sau ɗaya take so, kafin ta bar duniya, wani ya tsaya a gaban mutane ya ce Kuramochi Tokiko ce ta yi.

"To ki tashi ki faɗa da bakinki mana."

"In ƙaryata tsohon shugabana a gaban mutum ɗari biyu? Ba haka aka raine ni ba."

"To me za ki yi?"

"Ban sani ba tukuna. Je ka juya kifinka, tun daga nan nake jin ƙauri."

Ƙarfe ɗaya saura ta bar masa shagon, ta sa rigar da take zuwa biki da ita, ta hau jirgin ƙasa daga Koganei. Wanda ke kusa da ita wani magidanci ne mai furfura a gefen kunne, ya rungume jaka a ƙirji kamar mai ɗauke da ƙwai. Da jirgin ya yi girgiza bakin jakar ya buɗe, sai ga kwalin wasan, gefunansa sun sha hannu har sun yi fari. Tokiko ta kau da kai ta dubi taga. A Nakano suka sauka tare, ya wuce ta da sauri bai ko dube ta ba.

Zauren taron na unguwa ne, a hawa na biyu, ana bin wani dogon baranda kafin a kai. Tana tafe ta wuce ɗan ɗakin dafa shayi a can farkon barandar, ƙofarsa a buɗe. Mutane sun yi layi, kusan duk 'yan arba'in da hamsin, maza da mata, wasu da kwat kamar daga ofis suka gudo. Yaran da suka riƙa yi wa iyayensu ƙaryar ciwon ciki don su zauna gida su yi wasan, ga su yau da tabarau da ciwon baya na gaske.

A ɗakin baƙi ta sami Onodera da likitan. Mizoguchi ɗan siririn mutum ne mai tsabta, yana riƙe da tarin takardu kowace da launinta.

"Wannan Kuramochi-san ce," in ji Onodera. "Ta taɓa taimaka mana a ofis."

Likitan ya rusuna sosai. "Kai, madalla. To kin taɓa ganin Negi da idonki?"

"Kullum," ta ce. "Har na gaji da ganin sa."

"Wane irin mutum ne?"

"Mai haƙuri ne. Ya yi yawa ma."

Onodera ya yi gyaran murya da ƙarfi, ya taɓa maƙogwaro. Sai ya juyo gare ta, ba da wata mugunta ba, kawai bakinsa ya bi hanyar da ya saba. "Maƙoshina ya bushe. Ko za a samu ɗan shayi?"

Likitan ya yi wuf ya miƙo masa gorar ruwa yana ba da haƙuri. Tokiko kuwa ta tsaya tana kallon tsohon, kuma a nan ne dabarar ta faɗo mata ɗungurungum. Da an danna Jira za ta tashi ta je ta dafa shayi. Daidai lokacin da jarumai za su miƙe za ta shigo da tire, ta ajiye a gabansu, ta ce ga amsar. Ba ta ƙaryata kowa ba, ba ta kunyata kowa ba, mai ido ya gani.

"Za ka sha shayi, Shugaba," ta ce. "Bari lokacinsa ya yi."

Aka fara. Likitan ya yi kusan awa guda yana ba da tarihi da hotuna a babban allo: yadda kaset ɗin bai kai hoton waya ɗaya na yau ɗaukar kaya ba amma aka cusa masa tsibiri sukutum, yadda aka yanke kogo biyu don waƙar ƙarshe ta samu wuri, yadda kamfanin ya rufe bayan wasa uku. Kowane hoto ya fito sai zauren ya yi ajiyar zuciya. Onodera ya samu bakin magana, yana amsa tambayoyi yana kaɗa hannu, har da labarin da bai faru ba guda biyu, ta ƙyale shi. Da aka zo kan Negi sai ya ce, "Wani ma'aikaci ne mai ƙwazo, ba ya son fitowa fili." Bai dubi layin gaba ba. Tokiko ta matse jakarta a cinya, ta ji maganar har cikin haƙoranta.

Daga nan aka kunna tsohuwar na'urar, likitan ya ɗauki madanni zai yi yaƙin ƙarshe a gaban kowa. Waƙar yaƙin na tashi mutum ɗari biyu suka gyara zama. Sarkin Tsatsa ya cika allon, toka-toka, da kambinsa a karkace. Likitan ya iya, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Ya sa mai takobi a gaba, maharbiya na tsinke wa dodon sauri, mai warkarwa ba ta barin ran kowa ya sauka ƙasa da rabi. Tokiko ta sami kanta tana ƙirgawa da leɓe. Sara na tara dodon zai koma ruwan goro, na sha huɗu zai fara hayaƙi. Haka kuwa aka yi, lambobinta na nan inda ta bar su.

"Ya kusa, ya kusa," in ji wata mata a bayanta.

Sarkin Tsatsa ya yi jawur, ya ɗaga kulki. Likitan ya sauko ƙasan jerin ya danna Jira. Waƙar ta ɗauke. Jarumai huɗu suka zauna a ƙasa, dodon ya sandare da hannu a sama. Likitan ya ajiye madannin a kan tebur ya juya.

"Onodera-sensei, yanzu muna da minti biyu da sakan arba'in. Me ya sa minti biyu da sakan arba'in?"

Onodera ya dubi layin gaba, yana jiran a miƙo masa takarda ko a yi masa raɗa. Tokiko ta duba agogonta, ta miƙe, ta naɗe hannun riga, ta nufi ƙofa. Ta gefen ido ta ga bakinsa ya buɗe.

Tun a barandar ta gane ta yi wauta. Awon nan da ƙafar 'yar shekara ashirin da shida aka yi shi, a ɗakin da taku bakwai ke kai mutum wurin filas. Yau shekararta sittin da ɗaya, gwiwar hagu na da nata ra'ayin, barandar kuma kamar an ƙara mata tsawo tun ɗazu. Sakan arba'in suka tafi kafin ta kai. Filas ɗin na zamani ne, ta danna ya ƙi, ta sake dannawa ya ƙi, sai da ta sa tabarau ta ga ashe sai an fara buɗe masa makulli. Gwangwanin ganyen shayin yana can saman kanta, ta yi ɗage ta jawo shi da cokali.

A rufin ɗakin akwai lasifika da ke kawo maganar zauren. Muryar Onodera ta fito.

"E, to. Kamar yadda na sha faɗa, shirun da ke tsakanin sara biyu…" Ya yi tari. "Wato shi shirun nan…"

Sai shirun ya zo da kansa, ya zauna, ya ƙi tafiya. Tokiko ta zuba ruwa a buta ta rufe. Ganye sai ya yi minti guda, ko duniya za ta tashi. Ta duba agogo, ta san ba za ta kai ba. Takaici ya cika ta. Shekara talatin da biyar tana jiran wannan rana, ga shi za ta shiga a makare da tire a hannu, kowa ya ɗauka ma'aikaciyar zaure ce ta kawo wa manya shayi.

"Ku gafarce ni," in ji lasifikar. Muryar ta canza, ta sauko ƙasa. "Kun ga matar da ta tashi yanzu ta fita? Kun ga yadda ta naɗe hannun riga tun kafin ta kai ƙofa?"

Hannun Tokiko ya tsaya a kan murfin butar.

"Na ga wannan tashin ya fi sau dubu. Ni nake sa ta. In ce shayi, ta danna wani abu, ta tura kujera, ta naɗe hannun riga ta tafi. Ban taɓa leƙawa na ga abin da take dannawa ba. Sai yanzu." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta yi kama da dariya ba. "Likita, ka ce shiru ba shi da sakan arba'in. Gaskiyarka. Shayi ne yake da su."

Zauren ya ɗauki gunaguni kamar an taɓa gidan zuma. Ta fara zuzzubawa, kaɗan a wannan kofi, kaɗan a wancan. Tana cikin haka waƙar yaƙi ta dawo, lokaci ya cika. Wani ya ɗaga murya daga baya, "Likita, madanni! Za a kashe maka mai warkarwa!"

"A bar su su mutu," in ji Onodera. "Nata sun mutu sau nawa saboda ni? Ni na hana a saka dakatarwa, don ba ni nake tashi ba. Duk lambar da kuka haddace, ita ta rubuta da fensir. Ni ko dodon nan ban taɓa kayarwa ba, kuma madannin lafiyarsa lau."

Aka fashe da dariya. Tokiko ta ɗauki tiren ta fito baranda. A nan ma akwai lasifika, muryar na bin ta.

"Negi ba namiji ba ne. Ba ya Amurka, ba ya ƙera roka, kuma ba ni ba ne, ko da yake na bari kun zata. Tana sayar da dunƙulen shinkafa a Koganei, mai kifin ya fi daɗi. Sunanta Kuramochi Tokiko. Ita ta yi."

Ta tsaya cik a tsakiyar barandar. Ta sha jin sunan nan a asibiti da ofishin unguwa, amma ba ta taɓa jin sa da girma haka ba. Daɗi ya kama ta, hawaye suka zubo, ga hannu biyu duk a riƙe da tire, ba halin sharewa. Ta cikin ƙofar tafi ya ɓarke, ya rufe ƙarar Sarkin Tsatsa da ke ta gamawa da jaruman likita ɗaya bayan ɗaya ba mai kula shi.

Likitan ne ya karɓi makirufo, ya kira ta da laƙabin malamai da ɗazu ya ba Onodera. "Kuramochi-sensei, in kina jin mu, don girma ki shigo. Muna jiran ki."

Ta dubi tiren. Kofi biyu ne, ɗaya na Shugaba ɗaya na baƙo. Yau ma ba ta zuba nata ba.

A jikin bango akwai wani dogon benci. Ta zauna a hankali saboda gwiwar, ta ajiye tiren a gefenta, ta share fuska da bayan hannu. Ta ɗauki kofi ɗaya, ta hura, ta kurɓa. Ya jiƙa daidai. A ciki suna ta tafi suna kiran sunanta, ita kuwa ba ta tashi ba sai da ta shanye.